A Ina Za Ki Ajiye Shi?

Tun da na ajiye aiki, abin da ya fi tsaya mini a rai game da sashenmu shi ne waya. Mace ta wuce ranar karɓar magani, kwamfuta ta fito da sunanta, sai wani yaro ya danna lambar da ke cikin fayil ya ce daga asibiti ne, a gaya wa wance ta zo ta karɓi maganinta. Bai tsaya ya tambayi kansa a hannun wa wayar take ba. A unguwannin da na yi wa aiki, lambar da mace ke bayarwa sau da yawa ta maigida ce, ko kuwa tata ce amma yana bincika ta kowane dare. Yaron zai rubuta cewa an kira an samu, ya wuce suna na gaba. Abin da zai faru a gidan bayan sallar isha'i ba ya shiga rajista.

Wata daga cikin yaran nan, yarinya mai hankali da nake ji da ita, ta tambaye ni ranar walimar sallamata: "Mama, kafin waya da kwamfuta, ta yaya kuke gano waɗanda suka daina zuwa?" Hayaniya ba ta bar ni na ba ta amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko ma ba neman mutane muke yi ba, su ke neman mu. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ba da maganin ƙanjamau a 2002, cibiyoyi 25 ne a duk faɗin Nijeriya, an kuma yi tanadin manya 10,000. Mutum zai biya naira dubu ɗaya kowane wata, ban da kuɗin gwaje-gwaje. Duk wanda ya yi aiki a shekarun nan ya san su wa ke da dubu ɗaya. Maza ne. Magidanci zai zo ya karɓi nasa, matarsa na zaune a benci da sunan rakiya, tana tari, ƙashin wuyanta a waje. In ka ce masa, "Alhaji, ita ma fa a duba ta," sai ya ce ai lafiyarta ƙalau. Wani yana da mata uku a gida, babu wadda ta san abin da yake haɗiya safe da yamma. Wannan ce cutarwar farko da na gani a aikin nan, babu mari babu zagi a cikinta, amma mata sun mutu a kanta. Sai magani ya yanke a 2004, muka ga waɗanda suka fara murmurewa suna komawa gidan jiya. Daga baya kuɗin PEPFAR na Amurka da na Global Fund suka shigo da ƙarfi, a 2006 magani ya zama kyauta, layi ya cika da mata.

Abin da ya juya al'amarin shi ne awo. Da aka shigar da gwaji cikin awon ciki don kare jarirai, mace ta zama ita ce ta farko da ake gwadawa a gidan. Kuma a wajen mutanenmu, wanda aka fara gani da abu shi ya kawo shi. Namiji zai yi shekaru yana ɗauke da ƙwayar cutar bai sani ba, ko ya sani ya yi gum, amma ranar da matarsa ta dawo daga awo da takarda, ita ce mai laifi. "Wa ya ba ki izinin yin gwajin?" "A ina kika kwaso mana?" In bazawara ya aura, magana ta ƙare, an ɗora wa tsohon mijinta. In budurwa ce, sai a fara tonon su wa suka yi zance da ita kafin aure.

A wannan lokacin na faɗa hannun uwar ɗakina. Sista Babba muke ce mata, har likitoci haka suke kiranta. Tsohuwar ungozoma ce da ta yi karatu a Wusasa, ta karɓi haihuwa a ƙauye da birni tun kafin a san sunan wannan ciwo, saboda haka ta san ɗakin mace ciki da bai. Ba ta taɓa zuwa bita ƙasar waje ba. A zamanin nan ba a fara magani sai ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 sun sauka ƙasa da 200, kuma sai an yi zaman shiri uku kafin a ba da ƙwaya ko ɗaya. Takardar da aka ba mu ta ce a koya wa majinyaci sunan magani da lokacin sha da illolinsa. Sista Babba takan gama da wannan cikin ɗan lokaci, sai ta ture takardar gefe, ta gyara zama ta ce: "To 'yata, a ina za ki ajiye shi?"

Daga wannan tambaya komai ke fitowa. Ɗakin ke kaɗai ce a ciki, ko da 'ya'yan kishiya kuke kwana? Wa ke share miki shi in kin fita? Ranar girkinki, shi ke zuwa ɗakinki ko ke kike zuwa turaka? Uwar mijinki a gidan take? In za ki fita, wa kike tambaya, kuma wa ke ba ki kuɗin mota? Sai can ƙarshe, murya ƙasa ƙasa, tana duba fayil kamar ba wani abu ba: "In ransa ya ɓaci, yaya yake yi?" Ba ta taɓa tambayar mace ko mijinta yana dukanta ba, don ta san amsar da za ta samu. 'Yar mutunci ba ta tona asirin aurenta a gaban baƙuwa. Amma mace za ta iya cewa, "Yana da zafi, Sista," kuma wannan ya ishi mai hankali.

Triomune muke bayarwa a lokacin, sau biyu a rana. Takarda ta ce takwas na safe da takwas na dare. Sista Babba ta ce takwas na dare lokacin da maigida ke cin tuwo ne, mace na durƙushe a gabansa, a ina za ta haɗiyi ƙwaya? Ta mayar da shi asuba da magariba, lokacin da kowace mace ke ɗaukar buta ta zaga, babu mai tambayarta ina za ta. Tazarar ta kusa daidai, likitoci suka amince. Farar robar maganin kuwa tana ƙara in an motsa ta, kuma ba a daɗe ba 'yan unguwa suka gane kamarta. A aljihun teburinta akwai auduga da za a cusa a roba don ta yi shiru, akwai reza ta kankare takardar jiki, akwai irin 'yan ambulan ɗin da ake zuba maganin ƙarin jini a wajen awo. Mata su ma suka koya mana nasu dabarun. Wata a ƙasan kwallar jere take sawa, wata a ƙullin lalle, wata a gwangwanin kuka. Mafi aminci shi ne cikin ledar audugar mata, don babu namijin da zai sa hannu a nan.

Wadda gidanta ya fi ƙarfin duk wannan, sai a sa ta a kabad. Wani tsohon kabad ne na ƙarfe a bayan ƙofar ofishinta, makullin na ɗaure a igiyar wuyanta. A ciki robobin magani ne jere, kowace da lamba, babu suna. Mace za ta bar maganinta na wata a nan, ta ƙulla na mako guda a gefen zani ta tafi. In mako ya zagayo ta nemi dalilin fita, rigakafin yaro ne, dubiya ce, barka ce, ta biyo ta ƙulla wani. Wadda ba ta samu fita ba, wata daga ƙungiyar matan da ke shan magani ta kai mata. Babu kabad ɗin nan a cikin kowace ƙa'ida da aka rubuta a Abuja ko Janeba, amma akwai matan da yau suke aurar da 'ya'ya saboda shi.

Na ambaci ƙarin jini sai na tuna madara, wadda har gobe in na tuna raina ke ɓaci. Kafin 2010 ana ba uwa mai ɗauke da ƙwayar cutar shawarar ta guji shayarwa in da hali, har gwangwanayen madara ake rabawa kyauta. Wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga ɗakin mai jego a ƙasar Hausa ba. Ga uwar miji, ga gwaggo mai wankan jego, ga kunun kanwa ana dama wa don nono ya kawo, 'yan barka na shiga da fita har arba'in, sai a ga jariri da bulumboti. Kowa zai tambaya. Wasu sun ce nonon ne ba shi da kyau, aka kawo musu saiwoyi. Wasu suna ba da nono a gaban mutane, madara a ɓoye, wanda shi ne ya fi haɗari ga yaron. Na ga wadda mijinta ya fasa mata baki ranar suna saboda ta ƙi sa yaro a nono a gaban mahaifiyarsa, ya ce ta kunyata shi. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza shawara a 2010, aka ce uwa ta shayar muddin akwai magani, Sista Babba ba ta yi murna ba, ta ce sai yanzu? Ruwan nevirapine na jariri kuwa ba shi da wahala, bitamin muke ce wa mata su kira shi.

Haka stavudine da ke cikin Triomune ya riƙa tona asirin mutane da kansa. Kumatu su zurma, hannuwa su tsotse, tafin ƙafa ya yi ta zugi. Mace tana shan magani daidai, jininta ya yi kyau, amma fuskarta na cewa akwai wani abu, kishiya na lura. Da aka koma efavirenz, sai jiri da munanan mafarkai a makonnin farko, mace ta farka tana ihu, dangin miji su ce iska ce, a tafi da ita wajen mai ruƙiyya, maganin ya tsaya a gida.

Ƙirgen ƙwaya ma, da yanzu ake yi wa kallon tsohon yayi, mu karatu muke yi da shi. In ƙwayoyi sun yi saura da yawa, ta tsallake, sai a nemi dalili. In kuwa sun ƙare tun wata bai raba ba, to akwai mai taya ta sha. Akwai wata baiwar Allah da kullum maganinta ke ƙarewa da wuri, tana cewa ya zube. Sista Babba ta dube ta ta ce, "Shi ma yana sha ko?" Sai kuka. Mijin ya ƙi gwaji, ya rantse ba zai taka asibiti a gan shi ba, amma ya san abin da ke jikinsa, sai ya ƙwace nata yana sha, in ta yi magana ta sha mari. Su biyun suna shan rabi rabi, wato suna koya wa ƙwayar cutar jure magani. Ba a yi wa matar faɗa ba. Wani abokin aikinmu namiji ya samu mijin a rumfarsa ta kasuwa, ya yi ta zarya har ya yarda ya zo da yamma bayan an tashi, ta ƙofar baya. Aka buɗe masa fayil nasa. Dukan bai ƙare ranar ba, amma ta samu maganinta cikakke.

Yanzu ga amsar tambayar yarinyar nan. In mace ta ɓace, ƙafa muke sawa. Ba a zuwa da farin kaya, ba a zuwa da motar shiri mai tambari a ƙofa, wadda in ta tsaya a lungu yara sun kewaye ta kafin ka fito. Sista Babba na da wata jaka da atamfofi biyu uku, da turaren wuta da humra, mu yafa mayafi mu shiga a matsayin dillalai. Gidan kulle ba ya hana dillaliya. Tun a zaman shiri an riga an yi yarjejeniya da mace: in ba mu gan ki ba, mu zo ko kada mu zo? In mun zo, mu ce mu su wane ne? Wadda ta ce kada a zo, ba a zuwa, ko da kuwa za ta lalata mana lissafin wata.

Wata ziyara ba na manta ta. Gida ne a cikin birni, sai an ratsa zaure biyu. Muka yi sallama, uwargida na tsakar gida tana tankaɗe, ta amsa tana ƙare mana kallo. Wadda muka zo nema ta leƙo daga ɗaki, ta ja ɗankwali ta rufe gefen fuska, amma idon a kumbure yake. Sista Babba ta ce, "Amarya, kayan da kika ce a kawo miki ne suka iso." Ta baje atamfa a tabarma a nan tsakar gida, ta kira uwargidan ma ta zo ta gani, aka yi ta ciniki, ana taya ana albarka. Da uwargida ta tashi duba tukunya, matar ta faɗa mana cikin raɗa: ya ga katin asibiti a jakarta, ya juye maganin a masai, ya ce in ta sake taka ƙofar gida a bakin aurenta. Sista Babba ta ninke atamfa ɗaya da ambulan a cikinta, ta miƙa mata, ta ɗaga murya ta ce a biya in an samu. Ba ta ce mata ki yi haƙuri ba, ba ta kuma ce ki fita ba. Abu ɗaya ta tambaya: "A danginku wa yake jin nauyinsa?" Ta ce akwai kawunta, wanda shi ya ɗaura auren. Ta yarda a gaya wa kawun. Shi ya zo ya zaunar da mijin, ya ce 'yarsa za ta riƙa zuwa asibiti, ko a kai ta ko shi ya zo ya kai ta. An ɗauki watanni kafin a kai nan, kuma duk tsawon lokacin bashin atamfa ne ke kai mu gidan.

Maganar gaya wa miji ita ce inda Sista Babba ta fi saɓawa da masu zuwa duba aiki. Su suna son adadin waɗanda suka bayyana wa abokan zama ya hau. Gaskiya ne macen da mijinta ya sani kuma ya tsaya mata ta fi kowa riƙe magani, kuma irin waɗannan maza suna da yawa. Na san wanda ya yi shekaru yana goyo matarsa a babur zuwa asibiti alhali shi gwajinsa bai nuna komai ba. Amma Sista Babba takan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in mace ta ce miki ba yanzu ba, to ba yanzu ba ne. In kuma ta shirya, ba a barinta ta faɗa ita kaɗai a ɗaki cikin dare. Sai a aika wa mijin takarda cewa ana son ganin mazan masu awo. In ya zo, a gwada su tare kamar yau aka fara, a buɗe sakamako a gabansu su biyu, da ma'aikaci namiji a wurin da zai yi masa bayanin cewa babu gwajin da ke nuna wa ya riga wani. An ce mana wannan wasa da gaskiya ne. Ni dai na tsaya a kan cewa daidai muka yi, domin sakamakon da aka nuna masa na gaskiya ne, abin da aka ɓoye kawai shi ne ranar da ta fara sani, kuma wannan ranar ce ake dukan mata a kanta.

Daga baya masana suka zo suka auna abin da muke gani. Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2011 kan matan da ke karɓar magani a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suka samu fiye da ɗaya cikin biyar sun fuskanci cin zarafi a gida bayan an gano suna ɗauke da ƙwayar cutar. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wasu yankuna macen da abokin zamanta ke cin zarafinta ta fi wata haɗarin kamuwa da kusan ninki ɗaya da rabi. A 2015 aka tattara bincike daban daban aka ga irin waɗannan mata sun fi tsallake magani, kuma ƙwayar cutar ta fi wuyar kwantawa a jininsu. Na ji daɗin waɗannan alƙaluma, don su ne yaren da masu kuɗi ke ji. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da aka tashi gyara, babu wanda ya zo ya tambayi irin su Sista Babba yadda suke yi. Aka kira mu otal aka koya mana, da majigi, cewa duka yana hana shan magani.

Abin da ya fito daga bitar shi ne 'yan tambayoyi a kan fom. Ya taɓa dukanki? Ya taɓa yi miki barazana? Ya taɓa tilasta miki? Ana karanta su a ɗakin da labule ne kawai ya raba shi da layi, mai tambaya idonsa na kan allo, mace ta ce a'a, a'a, a'a, a danna. Fom ɗin bai san hana fita ba. Bai san miji ya ƙi ba da kuɗin adaidaita sahu ranar asibiti ba, ko ya daina cefane, ko ya ƙaurace wa ɗakinta ya bar kishiya ta gane dalili, ko ya ce in ta sake zai faɗa wa duniya kuma ya ƙwace 'ya'yansa. A wajenmu waɗannan sun fi mari yawa, kuma sun fi shi raba mace da magani.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Tun da aka koma fara magani da zarar an gano, wanda Nijeriya ta ɗauka a 2016, mutane sun daina jira sai sun kwanta. Ƙwayar TLD guda ɗaya a rana rahama ce, wanda ya ga zamanin stavudine ba zai yi musu ba. Amma zaman shiri uku ya tafi, kuma a cikinsa ne ake tambayar nan ta Sista Babba. Yau mace za ta ji sakamako da hantsi, kafin azahar an sa mata roba a jaka, ta nufi gida ba ta ma gama gaskata abin da aka faɗa mata ba. Ba da maganin wata uku ko shida a lokaci guda ya rage wahalar neman izini da kuɗin mota, na yarda. Sai dai tarin robobi ya fi roba ɗaya wuyar ɓoyewa, kuma macen da muke gani duk wata yanzu sai sau biyu a shekara, duk abin da ya same ta a tsakani ya warke kafin mu gani. A kullen korona na 2020, da maza suka zauna a gida dare da rana babu kasuwa babu kuɗi, mun ga sakamakon a gwajin jinin watannin da suka biyo baya.

Sai kuma neman abokan zaman wanda aka gano, da aka ɗaura wa adadin da dole a cika. A ƙa'ida da yardar mace ake yi, kuma in akwai tsoron duka a dakata. A aikace, yaron da aka ce kwantiraginsa na rataye da lamba zai matsa har sai ta ba da sunan miji. Sai da ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar cutar suka yi ta ƙorafi a ƙasashe da dama kafin PEPFAR ta tsaurara sharuɗɗan wannan aiki a 2020. Ban ga laifin yaran ba sosai, abin da aka auna su da shi suke kawowa. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna mata sun ninka maza wajen ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar nan, kashi 1.9 cikin ɗari a kan 0.9 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Ana neman mazan da suka ɓuya, wannan daidai ne, amma ta jikin matansu ake bi a kamo su.

In mace ta buɗe baki ta ce e, yana dukana, ina za a kai ta? Akwai dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ta 2014, akwai dokar hana cin zarafi ta 2015 wadda sai jiha ta karɓe ta take aiki a cikinta. Akwai kuma sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code na Arewa, da ya ba miji damar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Matan da na sani ba kotu suke nema ba. In ta yi yaji, gida za a ce ta koma, aure ibada ne, kuma ba za ta iya faɗin ainihin dalilin ba. In an sake ta, ta koma gidan da ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta, a sake sabon ɓoyo, wani lokaci a garin da babu cibiyar magani kusa. Waɗanda suka fi yi mana amfani su ne kawu irin wancan, da mai unguwa mai riƙe sirri, da wasu limamai da suka yarda su hau mumbari su ce hana mace magani zalunci ne. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 za ta kare wasu 'yan mata, amma ba ta da abin cewa ga wadda ke cikin ɗakin tun shekara goma.

Kabad ɗin bai kai ƙarshen aikina ba. Bayan Sista Babba ta yi ritaya ta bar mini makullin, na ci gaba da shi har ranar da masu binciken kaya suka buɗe shi. Suka ce maganin da aka rubuta an bayar ba shi da hurumin zama a asibiti, lissafin sito ba zai daidaita ba. Mai harhaɗa magani ya ƙara da cewa sababbin ƙwayoyin ba sa son danshi, in an raba su da robarsu da ɗan ƙullin da ke cikinta suna iya lalacewa. Maganarsa gaskiya ce, na kuma ce a ba mu ƙananan robobi masu murfi mu riƙa zuba na mako. Aka ce babu wannan a tsari. Aka ba ni wa'adi in kwashe.

Matan ƙungiya ne suka raba robobin a tsakaninsu, kowacce ta ɗauki na maƙwabciyarta ta kai ɗakinta. Su ne dai waɗanda daga baya aka ɗauka a matsayin iyaye masu jan ragamar sababbin masu ciki da masu bin sawu, ana ba su ɗan alawus daga kuɗin tallafi. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, an yi ta fafutuka aka ceto maganin kansa, amma a wajenmu alawus ɗin matan nan ne ya fara tsayawa, don a takarda ba su cikin masu ceton rai. Wasunsu har yanzu suna zagayen da kuɗin ƙosai da na kitso da suke samu. Na kai maganarsu gaba kafin in tafi, na ce a sa kuɗin motarsu a kasafin asibiti kada a jira baƙo, tunda na wata guda bai kai abin da ake kashewa a bitar yini ɗaya ba. Aka ce in rubuto. Na rubuta, na bar wa wadda ta gaje ni kwafi, na kuma ce mata ta riƙa tunatarwa duk zaman shugabannin sassa.